Ina rage bolum jita ta toshe: 250k zan bari ko in koma 500k?

Sadik_Kandara:
Assalamu alaikum 'yan gida. Kafin in kashe kuɗi na ce bari in zo wurin manya. Wata huɗu da suka wuce na sayi jita hannu na biyu a Haraj Sawarikh, ƙirar Strat ce amma ba ta da wani suna na a zo a gani. Fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, uku gare ta: singil (mai naɗin waya ɗaya) biyu, na wuya da na tsakiya, sai hambaka (mai naɗi biyu) ɗaya wajen gada, inda tsirkiya ke hawa. Bolum ɗaya, ton (murɗawar rage kaifin sauti) biyu.

In bolum yana 10 sautin ba laifi. Da na sauke shi zuwa 7 sai ka ce an lulluɓe amf, lasifikar jitar, da bargo, duk kaifin ya gudu. Hambakan kuwa ko a 10 ɗin ma a dushe yake. Ga ton na ƙasa, ina murɗa shi sai ƙaraf-ƙaraf kamar ana taka busasshen ganye. Jiya bayan isha'i na kwance farantin na leƙa. Fot ukun, wato abubuwan da ke ƙarƙashin murɗawar bolum da ton, duk ƙanana ne, na bolum an rubuta lambar juriyarsa A250K, na ton biyun B250K, da kafasita ('yar abar da ton ke zubar da kaifi ta cikinta) guda koriya mai lamba 473.

Wani ya ce in mayar da su duka 500k, wani ya ce in na yi haka singil ɗin za su riƙa soke kunne. Na kuma ji ana maganar wani salon haɗa wayoyi, haɗin 50s. Wanne zan kama?

AbuFaisal_LP:
Wa alaikumus salam. Hambaka 500k yake so, halas. Ka cire su duka ka huta.

Tsirkiya6:
Abu Faisal, kai komai a wurinka 500k ne saboda Les Paul mai hambaka biyu kake riƙewa. Yaron nan singil biyu gare shi fa. Kuma wannan doka da kake faɗa ba saukakkiya ba ce. Gibson da kansu sun yi shekaru masu yawa tun daga 1970 da wani abu suna saka 300k a bolum. Jazzmaster kuma singil ne a jikinta amma fot ɗinta meg ɗaya ne, wato 1,000k. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Injiniya_Riyad:
Sadik, matsala uku ka kawo a ƙunshi ɗaya, bari mu warware su don kar maganin wannan ya tsananta wancan.

Ta farko, dushewar hambaka a 10. Fot ɗin bolum ko ka buɗe shi gaba ɗaya yana nan tsakanin sigina da wayar ƙasa, wato kullum yana ɗora wa fikof kaya. Ƙaramar lamba kaya mai nauyi ce, tana danne wannan tsinin da ke saman muryar fikof. Singil da ma kaifi ya yi masa yawa, shi ya sa 250k ke yi masa daidai. Hambaka naɗinsa ya fi yawa, muryarsa ta fi kauri tun asali, in ka ƙara masa 250k sai ya ƙara nutsewa. A nan Abu Faisal yana da gaskiya.

Ta biyu, toshewa a 7, ita ba ruwanta da wannan. Laifin kebul ne da fot tare. Kebul ɗin jita shi kansa kafasita ne, kusan fiko 100 (fikofarad, ma'aunin kafasita) a kowace mita a irin na kasuwa. In bolum yana 10 sigina na wucewa kai tsaye. In ka sauke, wani yanki na fot ɗin ya shiga gaban sigina, shi da kebul sai su zama matata mai tace kaifi. Inda abin ya fi muni shi ne lokacin da fot ya rabu gida biyu daidai, a nan juriyar da kebul ke gani kusan rubu'in lambar fot ce. Kuma a fot mai harafin A, wannan wurin yana faɗowa ne wajen 7, daidai inda kake kuka.

Ga abin da za ka lura da shi: 250k rubu'insa wajen 62k ne, 500k kuma 125k. Da kebul mai mita 6, na farkon zai fara yanke kaifi daga wajen 4,000 Hz, na biyun tun daga wajen 2,000. Ma'ana in ka koma 500k kawai ka tsaya, hambaka zai farka a 10, amma bargon nan na 7 sai ya ƙara kauri.

Ta uku datti ne ko tsatsa. Kebul ɗinka mita nawa ne?

Sadik_Kandara:
Mita 10 ne Yaya Injiniya. In mun je istiraha, wato gidan biki, amf yana can kusa da mai org, mai kaɗa kibod, ni kuma ina gaba.

Injiniya_Riyad:
To ka ga ɓarawon. Ka ari mai mita 3 ka gwada a ɗaki kafin ka taɓa kawiya, ƙarfen like waya da dalma.

Baba_Radiyo:
Yaro, ka ji maganar Injiniya, amma bari in ƙara maka ta tsofaffi. Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran rediyo da rakoda a nan Makka, kuma rabin fot ɗin da ake kawo mini a ce ya mutu, wanka kawai yake so. Ku mutanen Jidda ga laima ga gishirin Bahar Maliya, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. Ka nemi feshin wanke kontak a shagon masu kayan lantarki, akwai 'yar kafa a jikin fot kusa da ƙafafuwansa, ka fesa kaɗan ka murɗa sau ashirin ko talatin. Ban ce WD-40 na ƙofar gareji ba, wancan mai yake bari, ƙura ta zo ta kwanta a kai.

Sannan ka sa mita a ƙafa biyun gefe ka auna, bayan ka cire wayar fikof daga jiki. Abin da aka rubuta a bayan fot daban, abin da ke ciki daban. Yawancin na araha an yarda su kauce da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, sai ka ga mai 250k yana karanta 205. Har sabon da za ka saya, ka tafi da mitarka shago.

Sadik_Kandara:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi saura kaɗan da na fesa wancan ɗin.

AbuFaisal_LP:
Tunda an zo maganar 7, maganinta haɗin 50s. Waya ɗaya ce kawai. A haɗin zamani ton yana kama da ƙafar da fikof ke shigowa bolum. A na 50s sai ka mayar da shi ƙafar tsakiya, wadda ke fita zuwa jak, inda ake soka kebul. Haka Gibson ke yi a shekarun 1950, daga nan sunan ya fito. Tawa tun da na yi mata haka ina sauke bolum har 4 muryar na nan garau. Ko riyal ɗaya ban kashe ba.

Tsirkiya6:
Faɗa masa sauran mana. A haɗin 50s bolum da ton sun zama kishiyoyi, ka taɓa wannan wancan ya motsa. Bolum na 6 ka rage ton sai ka ji ƙarar gaba ɗaya ta faɗi. Ni na yi wata biyu da shi na mayar. A tsakiyar waƙa ba ni da lokacin sasanta su.

Kuma a Strat ma ba zai yiwu ba, tunda ton biyun ta cikin swic suke bi.

Injiniya_Riyad:
Yana yiwuwa Tsirkiya. Swic ɗin Strat gefe biyu ne, ɗaya yana zaɓen fikof, ɗaya yana zaɓen ton, akwai 'yar waya da ta haɗa uwayen ƙafafun biyu. Ka cire ta, ka bar gefen fikof ya tafi ƙafar shiga ta bolum, gefen ton kuma ka kai shi ƙafar tsakiya. Sai dai Sadik ya duba tukuna, don wasu masu hambaka a gada sun riga sun cinye gefe na biyun wajen raba hambakan a matsayi na 2.

Tsirkiya6:
Na karɓi gyara. Amma batun kishiyoyi ina nan a kan bakana.

Kawu_Garaya:
Ni tun ɗazu ina karatu ina jin gada, gada. Wace gada? Abin da tsirkiya ke hawa a kai, a garaya da goge jaki muke ce masa. Ku yaran Jidda kun ɗauko Turanci kun juya.

Tsirkiya6:
Kawu, in muka ce jaki ga kuma jak inda ake soka kebul, wani zai je ya like waya a inda ba nan ba. A yi mana afuwa.

Kawu_Garaya:
Na yafe. Ku ci gaba da gadarku.

DanMaiwurno:
Salam. Ni a Wad Madani na koyi jita kafin in dawo Jidda, kuma irin kiɗanmu na can sauti mai tsabta muke so, tsirkiya ɗaya-ɗaya tana tafiya tare da mawaƙi, ba gurzawa. A irin wannan, ton ɗin gada ya fi mini komai amfani. Sadik, ka duba ko hambakanka yana da ton ma kuwa? Strat ta asali tun 1954 ton ɗaya na wuya ne, ɗaya na tsakiya, na gada a sake yake. Masu kwaikwayo da yawa haka suka kwafo har yau.

Abin da na yi wa tawa: ton na sama na bar wa wuya, na ƙasa na ɗauke shi daga tsakiya na ba gada. Na tsakiyar ya zauna ba ton, ya ƙara haske, kuma ban taɓa kewarsa ba. In ka koma 500k hambakan ya yi maka tsini, da wannan ton ɗin za ka lallashe shi.

Batun ƙaraf-ƙaraf kuma, Baba ya ce laima, mu can habub ne. In ta taso ta wuce, ko a cikin akwati jita take sai ka ji yashi a fot.

Sadik_Kandara:
Na gwada yanzu. Gaskiyarka, a gada ton biyun duk ba sa komai. Wata huɗu ina murɗa su ina cewa sun lalace.

Ummi_Bes:
Hhh ba kai kaɗai ba ne. Ni tambaya nake da ita ga Injiniya: ba yadda za a yi hambaka ya ga 500k su kuma singil su ga 250k a jita ɗaya? Ta ƙanena irin ta Sadik ce.

Injiniya_Riyad:
Akwai, 'yar'uwa, kuma abin bai kai kuɗin shayi ba. Bolum ya zama 500k. Sai a samo rasista ('yar juriya mara murɗawa) 470k guda biyu, kowane singil a like masa ɗaya daga ƙafarsa a swic zuwa ƙasa. In aka zaɓi singil, 500 da 470 suna gefe da gefe, lissafi ya ba da wajen 242k. In aka zaɓi hambaka shi kaɗai, rasistocin ba sa cikin hanya, sai ya ga 500k ɗinsa cif. Aibinsa ɗaya: matsayin da wuya da tsakiya ke tare, rasista biyun duk sun shigo, abin ya sauka wajen 160k, muryar ta ɗan yi laushi. Wasu ma sun fi son ta haka.

Ummi_Bes:
Madalla. Amma a gaya wa masu karatu a ɓoye, duk wannan lissafi na fikof marasa batir ne. Masu batir irin EMG 25k suke so. Na taɓa kai bes ɗina gyara wani shago, mutumin bai tambaya ba ya cusa mini 500k, bolum ya koma kamar makunnin fitila, ko a kunne ko a kashe. Sai da na biya wani ya warware.

Baba_Radiyo:
Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Nura_Fuzz:
Ba wanda ya ambaci tirebul bilid? Ai shi aka yi don ciwon Sadik. 'Yar kafasita ce a tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya a bolum, in ka sauke sai kaifi ya bi ta cikinta ya tsallake. Lamba 102, wato maikrofarad 0.001.

Tsirkiya6:
Ita kaɗai ba rasista? A 4 jita za ta koma kamar rediyon aljihu, kauri ya tafi sai ƙyal-ƙyal.

Nura_Fuzz:
Shi ya sa ake haɗa mata 150k gefe da gefe. Sai dai hakan yana canza tafiyar bolum, ƙarar ba ta saurin sauka, sai can ƙasa ta faɗi. Akwai kuma salon Kinman, 0.0012 da 130k a jere ɗaya bayan ɗaya, shi bai cika taɓa tafiyar ba. Ni kaina na cire nawa, saboda da fedal ɗin fuz mai gurza sauti nake wasa kuma yadda yake wankewa in na rage bolum ya fi mini daɗi ba tare da shi ba. Amma mai kiɗan biki da kebul mita 10, ina ganin shi ne nasa.

AbuFaisal_LP:
Waya ɗaya kyauta tana nan, ku kuna ta sayen tarkace.

Injiniya_Riyad:
Duka biyun suna aiki, hanyarsu ce daban. Na 50s yana rage asarar ne, bai hana kebul cin nasa ba, kuma da mita 10 ban tabbata zai ishe shi ba. Tirebul bilid kuma gwargwadon kebul ake auna shi, wanda ya yi daidai da mita 10 zai yi tsini a mita 3. Kar dai a haɗa su biyun a tashin farko.

Sadik, ga dabara. Ka like waya biyu a ƙafafun bolum ɗin, ka zaro su ta ƙarƙashin faranti, ka sa musu 'yan maƙalai masu bakin kada. Sai ka riƙa canza kafasita daga waje kana ji da kunnenka, da kebul ɗin da kake aiki da shi da amf ɗinka. Strat in ba haka ba kowane gwaji sai ka sassauta tsirkiya shida ka kwance sukurori goma sha ɗaya.

DanMaiwurno:
Wannan dabarar da na san ta da wuri da ban cinye ramukan sukurorin farantina ba. Yanzu da tsinken ashana da gam suke riƙe.

Zaki_Shred:
Ni dai shawarata ka sayi kafasita Orange Drop ko ta takarda da mai irin ta da. Waɗannan korayen ba su da rai. Na canza tawa sauti ya buɗe nan take.

Baba_Radiyo:
Ɗana, wace lamba ka cire, wace ka saka?

Zaki_Shred:
Na cire 473 na saka 223.

Baba_Radiyo:
To ai lambar ce ta buɗe maka sauti, ba launin rigar ba. Ka cire 0.047 ka saka 0.022, ƙasa da rabi. Da koriya 223 ka saka, abin da za ka ji kenan. Manyan nan da aka rubuta 400V ko 600V don cikin amf aka yi su inda wuta take. Abin da fikof ke fitarwa da ƙyar yake haura bolt ɗaya. Ban hana ka saya ba, suna da ƙarko kuma ƙafafunsu na da daɗin likewa, amma kar a sa yaro ya zuba riyal hamsin inda riyal ɗaya ya isa.

Zaki_Shred:
Baba da girmanka, amma kunnena ba ya yi mini ƙarya.

Baba_Radiyo:
Ka zo Makka da jitar, in rufe maka ido in canza su. In ka gane sau takwas cikin goma, kabsa a wuyana.

Ummi_Bes:
A sanar da mu ranar, za mu zo shaida.

Tsirkiya6:
Mu dawo kan Sadik. Abin da ba a taɓo ba shi ne B ɗin nan na ton. B yana tafiya daidai wa daida, a 5 rabin juriya. A kuma a 5 wajen kashi 10 zuwa 15 ne kawai, saboda kunne ba da mudu ɗaya yake auna ƙara ba. In ton B ne, daga 10 har 3 kamar ba ka yi komai ba, sai a ƙarshe ya rufe gaba ɗaya. Ka sa A a ton. A bolum ne ake gardama: mai sauti tsabtatacce wani lokaci ya fi son B, mai distoshin, wato gurzawa, kuma A, don ya riƙa wanke sautin da ɗan yatsa.

Kafasita kuma tunda ɗaya ce ke yi wa ton biyun aiki, ni 223 zan saka. 473 a hambaka in ka rufe ton sai ka ji kamar daga cikin rijiya.

DanMaiwurno:
A wuya kuma ni 473 ɗin nake so, tana ba da wannan murya mai taushi kamar ta ud. Ba dole ba ne su yi tarayya, kowane ton ana iya ba shi tasa.

Sadik_Kandara:
Kaina ya fara ɗaukar zafi wallahi. Wata tambaya kuma: in na saki tsirkiya amf yana zuuu, in na dafa sai ya ragu. Shi ma fot ne? Kuma ran nan a istiraha leɓena ya taɓa makirfo na ji ɗan tsunkuli.

Baba_Radiyo:
Tsaya nan. Na farkon ba komai ba ne, alama ce wayar ƙasa da ke zuwa gada tana aiki. In kana so ya ragu ka shimfiɗa tef na jan ƙarfe a cikin ramin da bayan faranti, ka haɗa shi da bayan fot. Na biyun kuwa ba wasa ba ne, kuma ba daga jitar yake ba. Ko soket ɗin ba shi da ardi, wato wayar ƙasa, ko an karye ƙafa ta uku a filogin amf ko na mikisa. Tsofaffin gine-gine da yawa a Jidda da Makka tun zamanin wuta biyu ne, 127 da muke kira 110 da kuma 220, soket mai ido biyu ba ardi. Tsirkiya tana hannunka, makirfo a bakinka, kai ne ka zama wayar da ta haɗa su. Ka sa amf da mikisa a layi ɗaya mai ardi na gaske, ka auna tsakanin tsirkiya da kan makirfo da mita kafin a fara. An yi mawaƙa da suka rasa rai ta wannan hanya.

Zaki_Shred:
Ko ya yanke wayar gadar kawai ba.

Baba_Radiyo:
Ya yanke, ƙugi ya cika wuri, kuma jak da kan swic duk ƙarfe ne suna nan a haɗe. A gyara wutar.

DanMaiwurno:
Abin dariya, ƙugin nan ma ya bambanta. Wutar Sudan 50 Hz ce, ta nan 60. Da na zo sabo sai na ji amf yana gurnani da wata murya sama da wadda na saba, na ɗauka ya lalace a hanya. A ma'aunin muryar kiɗa, na can yana kusa da G, na nan yana tsakanin B da abin da ke ƙasa da shi. Matsayi na 2 da na 4 a swic ne mafakarmu daga ƙugi in fikof na tsakiya naɗinsa a juye yake. Ka tuna kafin 1977 swic ɗin Strat uku ne kawai, mutane da dabara suke tsayar da shi a tsakani.

Hamza_Yanbu:
Ban karanta duka ba amma kafin ka yi oda ka auna rami. Ƙananan fot na jitocin Asiya raminsu wajen milimita 8 ne, CTS na Amurka kuma 3/8 na inci, kusan 9.5. Sai ka faɗaɗa faranti. Kan murɗawar ma daban: na Asiya haƙora 18, na CTS 24. Ni na danna tsohon kai a kan sabon fot da ƙarfi, sandar ta tsage gida biyu, fot ɗin ko awa ɗaya bai yi a jita ba. Garin neman gira na rasa ido. In ba ka son wahala ka nemi Alpha manya masu awon milimita, kawunanka na da za su hau. Ka kuma duba ko ramin katakon zai ɗauki babban fot, wasu an fafe su daidai ƙananan ne.

Baba_Radiyo:
Tunda an zo nan, likin bayan fot shi ke kashe sababbin hannu. Kawiya mai wat 25 ba ta iya ɗumama wannan ƙarfen, sai mutum ya daɗe yana dannawa har cikin ya dahu. Ka nemi mai 40 zuwa 60, ka kankare wurin da wuƙa ya yi haske, ka fara shafa masa dalma, ka shafa wa wayar, sannan ka haɗa su cikin daƙiƙa uku ko huɗu. Dalma 60/40 mai ƙaro a ciki. Kar ka kusanci man likin famfo, asid ne, bayan wata biyu komai zai yi kore. Kuma ka ɗauki hoto kafin ka cire ko waya ɗaya.

AbuFaisal_LP:
Ummi, tunda kina nan, kin tuna kin tambaye ni dalilin da ya sa tawa in swic yana tsakiya na kashe bolum ɗaya sai duka su yi shiru? Haka haɗin yake tun asali, wanda ka kashe ya ja siginar duka zuwa ƙasa. Ana iya musanya ƙafar shiga da ta tsakiya kowanne ya ci gashin kansa, na gwada, amma sautin ya yi mini laka in na rage. Na mayar.

Ummi_Bes:
A Jazz Bass haka muke tun fil azal kuma ba mu mutu ba.

Sadik_Kandara:
Na dawo da rahoto. Na samo feshin a Balad, ton na ƙasa ya yi shiru tsit, Allah ya saka wa Baba. Na auna bolum, 211k ya karanta, ashe ko 250 ɗin ma bai cika ba. Na ari kebul mita 3 wurin mai org ɗinmu, a 7 bargon ya zama mayafi, yana nan amma da sauƙi. Na kuma matsar da wayar ton zuwa gada kamar yadda Dan Maiwurno ya ce, likin ya yi muni kamar kashin kaza amma ya kama. Maganar wuta na gaya wa mai istirahar, ya ce zai kira mai gyara, ni dai na sayi abin gwada soket na sa a jaka.

Yanzu A500K guda ɗaya zan saya da 470k biyu, ton ɗin in bar su tukuna. Tsakanin 50s da tirebul bilid ban yanke ba. Wani kuma ya ce tunda zan canza, in sayi fot mai ja da turawa in riƙa raba hambakan ya zama singil.

Nura_Fuzz:
Waya nawa ke fitowa daga hambakan?

Sadik_Kandara:
Ɗaya fara a tsakiya, da saƙar ƙarfe a kewaye.

Nura_Fuzz:
To manta da rabawa, sai mai waya huɗu. In ka taɓa sayen wani nan gaba kar ka yarda da launi, kowane kamfani da nasa. A Seymour Duncan baƙa ce sigina, ja da fara ake haɗewa. A DiMarzio ja ce sigina, baƙa da fara ake haɗewa.

AbuFaisal_LP:
Ka fara da 50s, in bai yi ba ka mayar, minti biyar ne.

Tsirkiya6:
Minti biyar a Les Paul mai murfi a baya. Shi sai ya kwance faranti.

Injiniya_Riyad:
In ya ɗora fedal mai bafa, abin da ke kare sigina daga nauyin kebul, a ƙafarsa, mita 3 daga jita zuwa fedal, sauran mita 10 ɗin daga fedal zuwa amf, dogon kebul ɗin ya fita daga lissafi, wataƙila ma ba ya buƙatar ko ɗaya cikin biyun. Sadik, kana da tuna (na'urar saita tsirkiya) ta ƙasa ko wani fedal na kamfanin Boss?

Sadik_Kandara:
Tuna ta maƙalawa a kai gare ni. Amma akwai wani tsohon fedal na koras a wurin yayana, bari in je Hindawiyya gobe bayan la'asar in gani ko yana tashi.

Zaki_Shred:
Baba, Juma'a mai zuwa ina Makka. Ka tanadi kabsar.